Muryar Inna Ba Ta Shiga Rubutu Ba

A ofishinsu Uwar Kwasa suke ce mata, don tun tana budurwa aikinta ke nan, kwashe kayan tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Duk abin da wani ya ƙera a cikin manhaja, ita ke warware shi ta mai da shi rubutu zalla, suna da bayaninsa, yadda kowace na'ura za ta iya karantawa. Ba ta da surutu. Ta tashi aiki, sai gida wajen mahaifiyarta.

Da za a yi wa Inna aikin maƙogwaro, likita ya ce muryar ba za ta dawo ba. Sai 'yar ta haɗa mata manhaja a kwamfutar hannu, kowane maɓalli da sunansa da hotonsa da muryar Inna da aka ɗauka. Akwai "Ruwa", akwai "Kin ci abinci?" Inna ta nace sai an sa "Sakarya".

"Inna, wannan kuma na wa?"

"Naki mana. Shi zan fi dannawa."

Haka suka yi shekaru, Inna na zaginta da yatsa ɗaya suna dariya.

Da batirin kwamfutar ya kumbura, 'yar ta kwashe komai zuwa wata sabuwa cikin gaggawa a kan teburin ofis, shayinta na hucewa. Ta leƙa fayil, sunaye duk suna nan. Ba ta duba gurbin murya ba. Shirin da ke juya abu zuwa rubutu bai san sauti ba sai an koya masa, abin da bai gane ba kuwa tsallakewa yake, ko uffan. Ita ce ke gargaɗin sababbin ma'aikata a kan haka. Tsohuwar kwamfutar ta bar wa mai gyara, ya goge ta tas.

A gida Inna ta danna "Kin ci abinci?" Shiru. Ta ƙara dannawa, ta kai kunne.

Uwar Kwasa ta durƙusa ta faɗa mata gaskiya. Inna ta tura mata kwamfutar, ta nuna bakin 'yar, ta nuna maɓallin zagi.

"Sakarya," 'yar ta faɗa a hankali, na'ura na ɗaukar muryarta.

Inna ta girgiza kai. Bai yi zafi ba.

'Yar ta share ido ta sake faɗa. Sai da maƙogwaronta ya bushe Inna ta karɓa, ta rungume kwamfutar, ba ta danna ba.