Ɗan'azumi Mai Kwasar Tsofaffi

Ɗan'azumi direban a-kori-kura ne a nan Kudan, rake yake kaiwa kasuwar Maƙarfi. Kyau kam ba a raba da shi ba, hancin nan kamar an zauna a kai. Amma duk bazara, da mangwaro ya nuna, sai ya wanke motar tas, ya shimfiɗa katifu, ya kwashe mu tsofaffin unguwa da jikokinmu zuwa lambu a Gazara mu wuni.

Bara gwaggonsa Lantana, wadda ciwon ƙafa ya kwantar shekara uku, ta ce tana so ta ga mangwaron da marigayi mijinta ya dasa kafin ta bi shi. Muka ɗora ta. Ashe ruwan farko ya ɓata hanya. Saura ƙiris mu isa, mota ta kafe a laka.

Lantana ta ce, "Mu koma, ɗan nan. Allah bai nufa ba."

Ya ce, "Gwaggo, lokacin da kike goya ni, mota kika nema?"

Ya ari mayafina ya durƙusa, muka ɗaura masa ita a baya. Na ce, "Ɗan'azumi, ashe haihuwa ka yi ba ka gayyace mu suna ba!"

Ya ce, "Yi shiru, amarya. Da ke ce, sai an kira tirela."

Haka ya ratsa lakar nan har gindin bishiyar. Lantana ta dafa ta. Can ta ce a tsinko mata ɗaya. Ta tsotsa da dasashi, ta yamutsa fuska, hawaye na zuba.

Ta ce, "Har yanzu tsami gare shi, kamar wanda ya dasa shi. Ƙaro mini."