Ragunan da Baba ya tura arewa

Ina shekara ta biyu a makarantar horon malamai a Damagaram matata ta samu cikin fari. Ita tana ƙauyenmu, kusa da Tarka, wajen iyayena. A waya ta faɗa mini, shi ma a kaikaice. Ta ce ƙamshin miya ya fara damunta.

Ni mutum ne mai son tsara abu tun kafin ya zo. Na daina cin abincin rana, na riƙa ajiye abin da ya ragu daga kuɗin da ake ba mu na ɗalibai. Amma na san halin kuɗi: idan yana aljihu, kowa a gida yana jin motsinsa. Saboda haka da na je hutun tsakiyar shekara na shiga kasuwar Belbeji na sayi 'yan raguna biyu. Ɗaya na suna, ɗaya kuma a sayar idan haihuwa ta zo da gardama. Na ɗaure su a bayan ɗakin Baba.

Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "To, ɗan boko ya zama makiyayi. Na mene ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na kiwo ne kawai, Baba."

A wajenmu ɗa ba ya buɗe baki ya yi wa ubansa maganar cikin matarsa, balle na fari. Baba ya sani, na san ya sani, amma a tsakaninmu maganar ba ta da ƙofa.

Da ruwan shuka ya sauka ina can ina jarrabawa. Kowace shekara idan gero ya tsiro, ana haɗa dabbobin gari a ba wani Bafulatani ya yi arewa da su, kada su shiga gonaki, ba sa dawowa sai an yi girbi. Baba ya haɗa da ragunana. Ya yi daidai da abin da na faɗa masa. Da na dawo na tarar da turke babu komai, na ƙirga watanni a raina, na ga haihuwa za ta zo tare da kaka. Na ce a raina, kafin nan ragunan sun dawo.

Naƙuda ta zo da saura wata guda da kwanaki. Da hantsi muka kai ta gidan likita a amalanke. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba ta ya fito yana goge hannu.

"Malam, yaron a gicciye yake. Sai asibitin Tanut. Mota ga ta nan, mai ne babu. Ku nemo kuɗinsa yanzu-yanzu."

Baba ya juyo gare ni. "Ina abin da ka tanada?"

Na ce, "Suna arewa."

 Ya ce, "Kai, bakinka ciwo yake yi? Da ka ce mini ko da na wata buƙata ne!"

Tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa, ba kuma ranar kasuwa ba. Kowa na gona. Inna ta kwance akuyar da take tatsa, na ja ta gidan mahauci, aka ce ya tafi noma. Na bi shi har can da ƙafa. Ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Sai bayan la'asar motar ta tashi, ga hanya ta jiƙe.

A Tanut aka yi mata aiki. Ita ta rayu. Yaron namiji ne, bai yi kuka ba. Ni da Baba muka binne shi a can, garin da ba mu san kowa ba, wasu mutane biyu da muka tarar a bakin masallaci suka taya mu.

Bayan mun koma gida Inna ta riƙa dafa mata ruwan jego safe da yamma, don ta ce jiki bai san an rasa ɗa ba. Ni nake sarar icen. Wata rana na kai shi ƙofar ɗaki, matata ta ce, "Malam, ka ga fuskarsa?"

Na ce na gani.

Ta ce, "Wa ya ɗauko?"

Na tsaya da icen a hannu. Na ce mata goshinta ne da shi.