Ranar da kwarin ya kawo ruwa

A shekarata ta uku a Madina, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, kuma ban san komai na ƙasar ba sai hanyar Al-Azizya zuwa wurin aiki da hanyar Harami. Gida ɗaya muke da wani malamin jami'a ɗan Katsina mai koyar da lissafi, mutum mai son gardama da son ganin ƙwaƙwaf. Shi ya kawo maganar fita daji. Ya ce akwai wani dattijo a unguwar Ƙurban da ke kai baƙi cikin duwatsu su kwana biyu a tanti, kowa ya goya jakarsa.

Dattijon jikan alhazai ne da suka zo a ƙafa, a Madina aka haife shi. Ya yi shekaru yana tuƙa masu awon ƙasa, a nan ya san daji. Kowa Ammi yake ce masa, mu ma muka bi. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabinta Larabci.

Mun tashi ranar Laraba bayan la'asar cikin tsohuwar jif ɗinsa, mu uku, muka kwana kusa da wani makiyayin raƙuma da ya sani. Da asuba muka bar motar a nan, muka goya jakunkuna, muka shiga tafiya cikin baƙaƙen duwatsu masu cin takalmi. Bayan kamar awa uku muka gangara wani kwari. Tun yana da faɗi har ya matse, bangon dutse dama da hagu, tsayinsa ya fi bene mai hawa huɗu. A can ciki muka tarar da abin da ban taɓa zaton akwai shi a ƙasar ba: idon ruwa garai-garai, dabino da goruba sun yi duhu, kwaɗi na kuka, iska ta yi laima har riga na manne wa mutum a baya. Birai na zaune a kan duwatsu suna kallonmu. Malam ya cire takalmi ya tsoma ƙafa, ya ce shi kam a nan za a kafa tanti.

Ammi ya hura wuta ya ɗora shayi. Ina zaune kusa da shi na ga ya daina motsi, buta a hannu. Biran nan duk sun tashi suna hawa sama, iyaye da 'ya'ya a baya, ba hayaniya. Ya ajiye butar, ya je bakin ruwan ya tsuguna. Na bi shi. Ruwan da ɗazu ake ganin tsakuwar ƙasansa ya fara gurɓacewa, ga 'yan ƙirare da kashin raƙumi suna wucewa.

Ya miƙe ya ce, "Yalla, ku tashi. Sel na zuwa."

Na taɓa jin kalmar a asibiti. Ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa ne, ya taru ya biyo kwari gaba ɗaya.

Malam ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take, rana na dukan bango. Ya ce, "Haba Ammi, ko gajimare babu. Bari dai mu sha shayin."

"Ya ustaz, ba a nan aka yi ruwan ba. Ku bar kaya, ku hau!"

Yadda muryarsa ta fita ya sa ban tsaya ɗaure takalmi ba. Ya nuna mana wata tsaga a bangon dama, ya tura ni gaba. Na hau da hannu da gwiwa, dutse na yanka mini tafi. Mun yi kamar tsayin mutum uku sai na ji Malam a ƙasa yana cewa, "Iƙamata! Tana cikin jaka!" Takardar izinin zama ke nan, a lokacin ɗan littafi ce, kuma baƙon da ya rasa ta ya shiga uku. Kafin Ammi ya kamo rigarsa ya dire, ya tsallaka ruwan a guje zuwa gindin gorubar da muka jingine kaya.

A nan na ji ƙarar. Da farko kamar babbar mota a nesa, sai ta cika kwarin har dutsen da na riƙe yana rawa. Wata iska mai sanyi da warin laka ta bugo mu. Ammi ya yi ihu, "Kada ka dawo! Hau can, hau can!"

Malam ya rarumi jakar ya kama bangon hagu. Ya samu wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarmar salla ba, ya haye. Ruwan ya iso. Ja ne, mai kauri, yana tafe da itatuwa da duwatsu suna gwaruwa a cikinsa. Tantinmu, buta, wutar, duk na gan su sau ɗaya ban sake ganinsu ba. Na yunƙura zan sauka, ban ma san me zan je yi ba. Ammi ya danne kafaɗata da hannu ɗaya ya ce, "Zauna, ya duktur. Gawa biyu kake so in kai gida?"

Tsakaninmu da Malam bai fi taku ashirin ba, amma ko ihu da kyar yake ji. Ruwan na ta hawa. Na ga ya taɓa tudun, ya rufe masa idon sawu. Sama da kansa akwai wani tudun, sai dai da jaka a baya ba zai iya kaiwa ba. Ammi ya riƙa yi masa nuni da hannu ya yar da ita. Malam ya girgiza kai. Ammi ya cire hiramin kansa ya wurga cikin ruwan, ya nuna shi, ya nuna jakar. Sai Malam ya jingina da bango, ya zuge jakar, ya lalubo littafin ya cije shi da haƙori, ya saki sauran. Ya yi tsalle ya kama dutsen sama, ƙafarsa ɗaya ta zame ta bugu, na rufe ido. Da na buɗe yana kwance rub da ciki a kan tudun.

Haka muka zauna. Azahar ta yi, muka yi taimama a jikin dutse muka yi salla a zaune, shi ma ya yi daga can. Ammi ya sa ido a kan wani farin tabo a bango har ruwan ya sauka ƙasa da shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya fara ja."

Sai wajen la'asar ya yarda ya sauka. Ya samu reshe ya riƙa dogarawa, ruwa iya cinya, ya je ya sauko da Malam a kafaɗa. Idon sawunsa ya kumbura suntum, takalmi kuwa ruwa ya tafi da shi. Na yaga rigata ta ciki na ɗaure masa, Ammi ya ba shi nasa takalmin, shi kuma ya taka da safa. Muka sa shi a tsakiya muka kama hanya, ba ruwan sha.

Mun kusa wurin makiyayin sai Malam ya ce, "Ammi, ka yafe mini. Na kusa jawo maka bala'i."

Dattijon ya ce, "Ni zan nemi yafiya. Tun da asuba na ga hadari a kan duwatsun yamma. Na ce a raina yana da nisa, ga ku kuna ta murna, ban so in ɓata muku tafiya. Wallahi na san bai kamata mu shiga ba."

Makiyayin ya hango mu ya taho da kwanon nonon raƙumi, muka sha har muka ƙoshi.

Washegari Juma'a muka shigo Madina, muka wuce asibitinmu kai tsaye. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, aka sa masa filasta na sati shida. Ammi ya riƙa zuwa duk bayan kwana biyu da tuwon da matarsa ta tuƙa, ya zauna kaɗan ya tafi. Malam ya gaya wa abokan aikinsa a matakalar bene ya faɗi. Ni ma da na rubuta wasiƙa gida a watan nan, na ce mun je yawon buɗe ido mun ga dabino da birai, na tsaya a nan.