Firmin, Jikan Marasa Aure

A ƙauyen Valcreuse da ke tsaunukan Auvergne babu wanda bai san Firmin Chassagne ba, kuma babu wanda yake alfahari da saninsa. Rabin rayuwarsa kiwon alade ya yi a kangon gidan ruhubanawa da ke bayan gari. Gini ne na shekara ɗari takwas, inda dā masu bauta suke kulle kansu, ba aure ba hira. Firmin kuwa bai ga komai a wurin ba sai inuwa da duwatsun banza. Da guduma ya farfasa ginshiƙi mai zanen ganyen inabi ya yi wa aladunsa kwamin ruwa.

Sai 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa da motoci daga Paris. Nan take Firmin ya zama masoyin tarihi. Ya sayar da aladun, ya sa aka ɗinka masa doguwar riga da tsohon bargo, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya tsaya bakin ƙofa yana sauke murya kamar mai zaman makoki. Abin da ya fasa da hannunsa, sai ya nuna wa baƙi yana girgiza kai, wai ɓarnar jahilai ce. Har ya kai ga cewa shi jikan shugaban gidan ne na ƙarshe.

Yayarsa Léontine, mai sayar da cuku, ta ji shi ran nan.

"Jikan wa? Mutanen da ba sa aure? Kai Firmin, in za ka yi ƙarya ka riƙa ɗaure mata zani mana!"

"Yaya, ki rufa mini asiri, baƙi na ji."

"Ai sun riga sun ji warin alade a jikinka."

Ana nan sai ruhubanawa na gaske suka dawo za su raya gidan. Firmin ya tare su da rigar bargonsa, yana ta jawabin yadda zuciyarsa ta daɗe a wurin. Shugabansu, Fada Hilaire, dattijo ne marar yawan magana. Ya saurare shi tsaf, ya ce, "To ɗana, shigo ka zauna tare da mu."

A gaban jama'a aka yi, babu damar zillewa. Ya shiga. Ashe tashi ake yi tun da asuba, abinci miyar kabeji da busasshen burodi, ga noman lambu, magana kuma an hana. Wannan na ƙarshen ne ya fi ƙarfinsa. Ko mako bai cika ba ya haura katanga, alhali ƙofa a buɗe take, ya faɗo ya karya ƙafa.

Sauran shekarunsa a shagon giya na dandalin gari ya ƙarar da su, yana ɗingishi yana zagin ruhubanawa, wai sun ƙwace masa gado. Da farko ana tsokanarsa don a yi dariya, daga baya kowa ya gaji, in ya shigo sai a juya masa ƙeya.

Da ya mutu cikin hunturu, Léontine ce da ruhubanawan kaɗai suka raka shi makabarta. Mutanen gari sun ce sanyi ya yi yawa.