Ɗakin Jiragen Yaya

Yayana mai gyaran firiji ne, amma in ka shigo unguwarmu kana neman mai gyaran firiji sai mutane su tsaya tunani. Ka ce musu tsohon nan mai ƙananan jirage, nan take za a nuna maka ƙofarmu. Ni ce ƙanwarsa. Tun da matarsa ta rasu, nawa mijin ma ya bi bayanta, muke zaune gida ɗaya, ina dafa masa yana ɓata mini rai.

Abin ya samo asali tun yana saurayi. Ya je gyara wani gida, ya tarar za a zubar da wani karyayyen jirgin sama na wasa, ya roƙa aka ba shi. Shi ke nan, muka rasa shi. Da hannunsa yake yanka katakon, wani katako mara nauyi da ko farce yana lotsa shi, ya manne, ya lulluɓe da leda ya bi ta da dutsen guga, ya ɗaura inji a hanci. Sai ya tsaya a ƙasa da rimot, jirgi yana can sama yana bin abin da yatsunsa suka ce. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida nan ne duniyarsa. Fukafukai a rataye a rufi, tebur ya sha gam har ya yi ƙuraje, gwangwanayen madara cike da ƙananan notuna, ga jarkokin mai a jere a ƙarƙashin tebur. Warin man zurma kuwa ya kama labule, ya kama katifa, har mayafina bai tsira ba.

Kada tsautsayi ya sa ka ce masa “man jirgi” kawai. “Wane man?” zai ce, ya sauke tabarau, ka shiga uku. Ni da ban taɓa riƙe rimot ba na haddace karatun don dole. Akwai injin gilo, shi ne abin ƙaunarsa. Fuloginsa yana da ’yar waya da ake ɗana wa batir ta yi ja, inji ya tashi, a cire batir, wayar ta ci gaba da ruruwa da kanta. Wannan ba ya shan fetur ko ɗigo. Abincinsa metanol ne, da man zurma don santsi, da ɗan naitiro don ƙarfi. Abokan wasansa suna kiran haɗin gaba ɗaya naitiro, abin yana ƙona masa rai. “Naitiron nawa ne a ciki? Don ka zuba gishiri a tukunya sai ka ce gishiri ka dafa?” Akwai kuma injin fetur, babba, mai fulogi irin na babur, wanda ake haɗa wa fetur da ɗan man inji kamar ƙaramin janareta. Na ukun, mai batir, ba ya ma kiransa inji. Fanka yake ce masa.

Kowace Asabar da safe shi da abokan wasansa sukan taru a wani fili a bayan gari, kusa da inda ake fasa dutse. A nan Yaya ya kafa dokarsa. Duk jirgin da yake sabo, ko aka yi masa babban gyara, ba ya tashi sai wani ya duba shi, don idon mai abu yakan tsallake abin da hannunsa ya ɓata. Mai dubawar kuwa shi ne, kuma ba ya da sauƙi. Akwai wani mai kemis, mutum da furfurarsa, wanda Yaya ya taɓa sa shi ya naɗe kayansa ya koma gida saboda noti ɗaya da bai ɗauru ba. Nasa jirgin kuwa ba mai taɓawa. Wa ya isa?

Sai shekaru suka fara karɓar nasu. Rannan ya bar ƙarfen narka dalma a kunne ya tafi aski, na shiga ɗakin na tarar tebur yana hayaƙi, taku kaɗan da jarkokin. Wani karon ya tafi kasuwa a kan babur ya dawo a ƙafa, yana tambayata wa ya ari babur. Na rufa masa asiri iya ƙarfina, amma maƙwabta suna da baki, magana ta kai kunnen babban ɗansa.

Wannan ɗan, Manaja muke ce masa tun yana rarrafe, saboda son ba da umarni, kuma Allah Ya cika masa buri ya samu ofis. Ya zo da takalminsa mai ƙyalli, ya tsaya a tsakar gida.

“Gwaggo, jarkokin nan wuta ce. Baba ya fara mantuwa, ke ma kin sani. Za a kwashe ɗakin nan, ya dawo wurina. Na gyara masa ɗaki, har talabijin na sa.”

“Talabijin! Haba Manaja, ubanka ne zai zauna yana kallon wasu suna motsi? Ka raba shi da ɗakin nan, ka je ka sayo likkafani kawai.”

Na faɗa da zafi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Ni na watsa wa teburin ruwa.

Ashe Yaya yana jinmu. Ya fito yana goge hannu da tsumma, bai ɗaga murya ba.

“Ka zo fili Asabar ta sama. Zan tashi Farin. In na sauke shi lafiya, ka fita harkar ɗakina har in mutu. In na kasa, ka kawo mota ka kwashe.”

Manaja ya amsa da sauri, saurin da har yau ban yafe masa ba.

Farin shi ne babban jirginsa, fukafukinsa ya fi tsawon mutum, kuma shi kaɗai marigayiya ta taɓa yabawa. Matsalar ita ce mai. Mutumin da ke kawo musu metanol ya daina, don yawancin ’yan filin sun koma fanka, kuma ragowar da ke jarkokin Yaya ta sha iska ta yi ruwa, inji sai tari. Don haka ya cire injin gilo daga hancin Farin, ya ciro wani injin fetur da ya daɗe a kwali, ya ɗaura. Kwana da kwanaki yana kai, abinci ma sai na yi faɗa. Ya tayar da shi a tsakar gida, ƙara ta cika layi, matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana tsaki. Yaya yana ta murmushi, rabon da in gan shi haka har na manta.

Ranar Asabar Manaja ya zo ya ɗauki Yaya a motarsa, na bi su. Filin ƙasa ce ja da aka share, can gefe tarin duwatsu, mutane sun jera motoci suna haɗa fukafukai. Kowa ya taso gaishe da Yaya. Manaja ya tsaya nesa ya harɗe hannu. Da Yaya ya durƙusa yana zuba fetur, mai kemis ya tsuguna kusa da shi yana kallon hancin jirgin. Na ga ya kalli inji, ya kalli Yaya, ya waiwaya ya kalli Manaja.

“Lafiya?” in ji Yaya.

“Lafiya ƙalau, Baba. Inji ya zauna daram.”

Yaya ya murɗa farfela, inji ya kama. Farin ya ruga a kan jar ƙasa, ya ɗaga hanci, ya tashi sumul. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Hannun da ke zubar mini da shayi a tabarma, ga shi a kan rimot ko rawa ba ya yi. Jirgi ya yi sama, ya karkata ya fara zagayowa ta kan duwatsun. Na saci kallon Manaja, na ga ya sauke hannuwansa, bakinsa a buɗe.

Sai inji ya yi tari, ya sake yi, ya ɗauke. Yaya bai ruɗe ba, ya sunkuyar da hancin jirgin yana lallaɓo shi a kan iska, ya kusa, ya kusa, amma bai yi nisa a sama ba balle ya iso. Fukafukin hagu ya daki tarin dutse. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka kwando.

Suka tafi kwaso tarkace. Ni na tare mai kemis, don kallon nan da ya yi bai bar raina ba.

“Malam, me ka gani ɗazu?”

Ya sunkuyar da kai, sannan ya nuna mini hancin jirgin da aka kawo. Wani siririn tiyo shuɗi yana reto, ya kumbura ya yi laushi, ya zame daga bakin inji.

“Hajiya, wannan tiyon na gilo ne, na metanol. Fetur yana kumbura shi ya saɓule. Na fetur daban yake, rawaya ne mai tauri. Duk wanda ya canja inji sai ya canja tiyo. Shi da kansa ya koya mana.”

“Kuma ka gani tun bai tashi ba?”

“Na gani.”

“Ka yi shiru?”

“A gaban ɗansa zan ce masa ya yi kuskure? Na ce ko zai kai ya sauka.”

Tir! Na wanke shi tas a gaban jama’a, ban rage komai ba. Na ce shekara da shekaru tsohon nan yana tsare muku jirage da bakinsa mai ɗaci, rana ɗaya da ya buƙaci a yi masa ɗacin, sai kuka tuna da ladabi. Kunyar banza! Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce.

A mota Yaya ya rungume hancin jirgin a cinya yana ta maimaitawa. “Na canja tiyon nan. Na sayo rawaya da kaina, na sa. Wani ya taɓa mini jirgi.” Ya faɗa da tabbacin da har Manaja ya fara kokwanto. Da ya sauke mu ya ce, “To Baba, mu bar maganar mota tukuna.” Na ji sanyi a raina. Na ce ko ƙarya ce, Allah Ya bar mana ita.

Yaya ya koma ɗakinsa da ƙarfinsa. Yana ƙirga waɗanda suka matso kusa da jirgin, yana cewa zai sake gina fukafukin, kuma wannan karon ko inuwar mutum ba za ta taɓa shi ba. Har abinci ya ƙara ci.

Ranar wanki na kwaso kayansa, ina lalube aljihu kamar kullum don kada noti ya yaga mini hannu. A aljihun rigar aikinsa na ji wani abu. Na ciro, sai ga tiyo rawaya a nannaɗe cikin ledarsa, ko buɗe ta ba a yi ba. Na dunƙule hannu da sauri, amma na makara, yana tsaye a bayana ya fito neman tabarau.

“Buɗe hannunki.”

“Yaya, ba komai ba ne, tarkacenka ne.”

“Buɗe.”

Na buɗe. Ya ɗauka, ya juya ledar, ya shafa bakinta da babban yatsa inda take a liƙe. Na so ya yi faɗa, ya ce ni na saka, ya ce komai.

“Kira mini Manaja,” ya ce. “Ki ce masa babbar mota zai kawo, ƙaramar ba za ta ɗauki fukafukan ba.”

Ya shiga ɗakin, ya jawo kujera ya taka, ya fara sauke su daga rufi da kansa. Ina tsaye da kumfar sabulu har gwiwar hannu, na kasa ko ce masa ya yi hankali kada ya faɗo.