Abincin da Na Yi Ta Kai wa Mamaci

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a wani lungu na Madabo, ban san komai ba sai ɗakina da tukunyata. Maigidana tela ne a Ƙofar Wambai. Tun kafin zaɓe aka yi wata hatsaniya a bakin kasuwa, aka kwashe duk wanda aka tarar a wurin, har da shi, da zaren ɗinki a jikin rigarsa. Ba a kai shi kotu ba, an dai ce mana yana gidan yari.

Da aka rantsar da sabuwar gwamnati, rediyo ya yi ta cewa za a saki waɗanda aka tsare ba shari'a. Na fi kowa sa rai, domin babban lauyan hukumar da ke tsare da shi a zauren mahaifina ya yi karatun allo, Yaya nake ce masa. Shi ke ba shugabannin hukumar shawara a kan doka, ba a sakin mutum ko a amsa wa kotu sai ya duba. Na same shi a ofis, ya sa aka kawo mini lemo, ya tambayi jikin Baba. Da na roƙi a bar ni in ga mijina, sai ya ce an dakatar da ziyara a ɓangarensu. Ya gargaɗe ni kada in ɗauki lauya, kada in je gaban kwamitin da gwamnati ta kafa don sauraron koke, wai hakan zai ɓata masa ƙoƙarin da yake yi. Abinci kuwa, ya ce kada in fasa kaiwa. Ya raka ni bakin ƙofa yana murmushi, ya ce, “Kwantar da hankalinki, ƙanwata, babu mai ƙara taɓa shi.”

Duk Juma'a sai in tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, gandurobobi su karɓa a ƙofa, su dawo mini da kwano a suɗe. In koma gida ina gaya wa yara babansu ya cinye tas. Haka damina ta wuce, aka yi girbi. Da na ji ana raɗe-raɗin za a yi saki kafin Sallah, har kitso na yi, na ƙunsa lalle.

Lallen na ƙafata wani dattijo ya yi sallama, ya ce iyalin tela yake nema. Baba, wanda muka koma gidansa da zama, ya shiga da shi zaure, ni ina bayan ƙofa ina saurare. Ya ce sakinsa ke nan, ɗaki ɗaya suka zauna da maigidana, ya zo ta'aziyya, a yi masa afuwar jinkiri. Tari ne ya ci maigidana, a kan cinyar dattijon ya cika, tun sojoji ba su sauka ba. Bawan Allah ya ɗauka mun daɗe da sani.

Na koma ofishin lauyan, bai ko musa ba. Ya ce da na fito ina kuka gaban kwamitin, da an maka hukumarsu a kotu. Kwanon da nake kaiwa kuwa shi ne shaidarsu cewa iyali ba su da ƙorafi. Yanzu kuwa kwamiti ya gama zamansa ya tashi. Na tambayi inda aka binne mijina, ya ce sai da izini daga sama. Sannan ya gyara tabarau ya ce, “Ni lauyan hukuma ne, ba naki ba.”

Ko takaba ban samu na yi masa ba. Malamai suka ce lokacinta ya riga ya wuce ina can ina tuƙa tuwo.

Abin da na koya shi ne, sanayya ba ta canja wa mutum wanda yake yi wa aiki. 'Yan'uwana mata, idan aka tsare naku, ku nemi lauyanku, ku nace sai kun gan shi ido da ido, kada fara'ar wani babba ta sa ku yi shiru. Ni dai har yau, kowace maƙabarta mota ta gifta da ni a garin nan sai na yi masa addu'a, don ban san wadda yake ciki ba.