Ƙahon Ashanar Kakata

Shekarun baya, zamanin En'e, aka ba mu hutun damina a makarantarmu ta Kazaure, na tafi Roni wajen kakata. Abin da na fara gani da shigata gidan shi ne murhu a sanyaye, ga tsinkayen ashana zube a gindinsa, kawunansu sun marmashe, babu wanda ya kama. Kwalin ya sha laima har ya yi laushi.

Kullum da safe sai ta ɗingisa da ciwon gwiwarta zuwa maƙwabta ɗebo garwashi a kasko, ko ana yayyafi. Aikina ne wannan, amma kunya ba ta barina in yi sallama a gidan mutane. Abin ya dame ni ƙwarai.

Rannan na tsinci ƙahon saniya a bayan rumfar mahauta. Na kankare cikinsa, na wanke da toka, na busar, na yi masa marfi da totuwar masara. Sai na kwaɓa ƙaro da yashi na shafa a jikinsa, wai a wayona kaushi ne ke kunna ashana. Na yi ta ƙyastawa, ko hayaƙi babu.

"'Yar boko," in ji kakata, "aski kike yi wa ashanar tawa? In ta ƙare, da bakinki za ki hura mana wutar."

Daga baya na lura, a gefen kwalin nan mai launin ƙasa kaɗai ashanar take yin wari idan an goga. Da aka sayo sabon kwali na yanke gefen, na liƙa shi da ƙaro a gindin totuwar ta ciki, inda laima ba ta kaiwa. Tsinkayen kuma na jera su a cikin ƙahon kai ƙasa don kada su taɓa shi.

Da safe bayan an kwana ana ruwa, na miƙa mata ƙahon. Ta zare marfin, ta ƙyasta sau ɗaya, wuta ta kama. Ta daɗe tana kallona.

"Ashe dai ba alli kawai kuke ci a makarantar nan ba."

Har yau in na ji warin ashana sai in ji kaina ya ɗan kumbura. Ranar da zan koma makaranta kuwa, na sunkuyar da kai na ce, "Kaka, don Allah in maƙwabta sun tambaya, ki ce musu ni na yi."